Dogarin zuciya: Yadda likitancin gargajiyar Sin ke kallon tantanin da ke lulluɓe zuciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar Babbar Sallah yana kallon yadda ake feɗe ragon layya, ya ga abin. Kafin a kai ga zuciya sai an tsaga wani farin tantani mai kama da 'yar jaka da ke rufe da ita. Mahaucin kan yanke shi ya ajiye gefe, ba wanda ke tambayar sunansa.

A ƙasar Sin kuwa, wannan 'yar jaka ta shafe sama da shekara 2,000 tana da babban matsayi a littattafan magani. Sinawa na kiranta xin bao, wato marufin zuciya, kuma likitocinsu na gargajiya sun ɗauke ta a matsayin dogarin da ke tare duk wata cuta kafin ta isa ga sarki. Daga wannan fahimta aka samo wani wuri a wuyan hannu da ake dannawa don kwantar da tashin zuciya, da wata ƙwayar magani mai tsada da ake sayarwa a kantunan birane irin su Guangzhou, inda 'yan kasuwar Nijar da dama ke zuwa sarin kaya.

Batun ya shafi 'yan Nijar ta wata fuskar ma. Tun 1976 yankin Guangxi na ƙasar Sin ke turo ayarin likitoci Nijar, in ban da 'yan shekarun da hulɗar jakadanci ta tsinke tsakanin 1992 da 1996, kuma a cikin ayarin akan samu masu jinyar tsira allurai, wadda a asibitoci ake kira akupunktur. Ga kuma bidiyoyin TikTok da Facebook masu koyar da danna nan, danna can. Abin da mafi yawansu ba sa faɗa shi ne, marufin zuciyar da tsofaffin littattafan Sin ke magana a kai da tantanin da likitan tiyata ke gani suna ɗaya suke amsawa, amma aikin da aka jingina wa kowannensu daban ne. Rashin sanin wannan bambanci na iya jawo asarar rai.

Abin da likitan zamani ke gani

A ilimin sassan jiki na zamani, tantanin ninki biyu ne. Na waje mai kauri ne da tauri, shi ke riƙe zuciya a mazauninta a tsakiyar ƙirji. Na ciki siriri ne mai santsi, kuma a tsakanin shafukansa akwai ɗan ruwa da ba ya wuce mililita 15 zuwa 50, wato cokali ɗaya zuwa uku na cin abinci. Ruwan ne ke sa zuciya ta riƙa bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda ba tare da ta goge ba.

Tantanin yana hana zuciya buɗewa fiye da kima idan jini ya cika ta, yana kuma rage yiwuwar ƙwayoyin cuta su tsallako daga huhu. Duk da haka mutum na iya rayuwa ba tare da shi ba. Akwai waɗanda ake haifa babu shi, akwai kuma waɗanda likitoci ke cire wa idan ya lalace. A zamanance ba shi da wata alaƙa da farin ciki, ko barci, ko tunani.

Jiki a matsayin fada

Tushen ra'ayin Sinawa yana cikin Huangdi Neijing, littafin da aka harhaɗa a zamanin daular Han, wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin Miladiyya. Kashi biyu ne, Suwen da Lingshu, kowanne da babi 81, kuma har yau ana karantar da shi a jami'o'in likitancin gargajiya na ƙasar.

Marubutan littafin mutane ne da suka rayu a ƙarƙashin sarauta mai tsari, saboda haka suka siffanta jikin ɗan Adam da masarauta mai 'yan majalisa 12. Wanda ya san fadar Damagaram ko ta Katsinar Maradi zai gane hoton nan take. Zuciya ce sarki, a wurinta hankali da ruhi suke zaune. Huhu ne waziri. Hanta ce sarkin yaƙi mai tsara dabaru, kamar Ƙaura. Matsarmama ce alƙali mai yanke hukunci. Saifa da tumbi su ne masu kula da rumbunan hatsi.

A cikin wannan jeri akwai wani bafade da aka kira Danzhong, mazauninsa tsakiyar ƙirji, aikinsa isar da saƙon sarki da fitar da farin ciki daga fada zuwa sauran jiki. Masu sharhi na baya sun ce shi ne marufin zuciya. Wani babi na Lingshu ya siffanta shi da ganuwar da ta kewaye fada.

Babi na 71 na Lingshu ya bayyana dalilin da ya sa ake bukatarsa. A ganin marubutan, sarki ba ya ɗaukar cuta ya rayu: ranar da cuta ta taɓa zuciya kanta, ruhi zai fita, mutum ya mutu. Ke nan duk ciwon zuciyar da aka ga mutum na fama da shi yana kuma numfashi, dogarin ne ya karɓi saran a madadin ubangidansa. Wannan ya sa tsofaffin likitoci kan nufi marufin da allurarsu idan majinyaci ya zo da ciwon ƙirji, ko bugun zuciya, ko firgita, ko rashin barci.

Hanyar da aka ƙara daga baya

Likitancin Sin ya ginu a kan cewa akwai wani ƙarfin rai da suke kira qi, ana furta shi "cii", wanda ke zagaya jiki ta wasu manyan hanyoyi 12, kowace hanya da gaɓar da take wakilta. Sai dai tarihi ya nuna ba haka lissafin ya fara ba.

A 1973 masu tonon kayan tarihi sun buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha na lardin Hunan, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya. A ciki suka tarar da littattafan magani da aka rubuta a kan alharini. Biyu daga cikinsu sun lissafa hanyoyin jiki, kuma 11 suka kawo. Wadda babu ita ce ta marufin zuciya.

Masana tarihi da dama na ganin an ƙara ta ne daga baya don lissafi ya cika: shida a hannu, shida a ƙafa, 12 daidai da watannin shekara. Wani tsohon littafin, Nanjing, wanda ya biyo bayan Neijing, ya fito fili ya ce wannan gaɓa da abokiyar tafiyarta da ake kira Sanjiao suna da suna amma ba su da siffa. Wato tun a wancan zamani wasu likitocin Sin sun ɗauki marufin zuciya a matsayin sunan wani aiki da jiki ke yi, fiye da wata tsoka da za a iya kamawa da hannu.

Ruɗanin ya ƙaru a ƙarni na 19, lokacin da ilimin feɗe gawa na Turai ya shiga Sin. Wani likita Bature ɗan Ingila, Benjamin Hobson, ya buga littafin sassan jiki da Sinanci a Guangzhou a 1851, kuma daga wannan zamani masu fassara suka riƙa ɗora tsofaffin sunaye a kan gaɓoɓin da ake gani da ido. Shi ya sa a yau likitan tiyata a Beijing da mai jinyar allurai a unguwa ɗaya duk xin bao suke cewa, kowa da abin da yake nufi.

Daga ƙirji zuwa yatsa

A zanen da ake koyarwa yanzu, hanyar marufin zuciya tana da mahuda tara a kowane ɓangare na jiki, cikin mahuda 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu. Tana farawa a ƙirji gefen kan nono, ta bi ta cikin damtse, ta ratsa lanƙwasar gwiwar hannu, ta gangara tsakiyar hannu zuwa tafi, ta ƙare a kan yatsan tsakiya.

Wasu daga cikin mahudan sun yi suna. Laogong yana tsakiyar tafin hannu, daidai inda yatsan tsakiya ke taɓawa idan an dunƙule hannu, kuma masu motsa jikin taici na ba shi muhimmanci. Zhongchong yana kan yatsa, a da akan tsaga shi a fitar da ɗigon jini don farfaɗo da wanda ya suma. A agogon gargajiyar Sin, wanda ya raba yini gida 12, lokacin wannan hanya shi ne daga ƙarfe 7 zuwa 9 na dare, shi ya sa ake ba da shawarar a keɓe wannan lokaci ga iyali da hira da hutawa.

Wanda ya fi kowanne shahara shi ne na shida, Neiguan, ma'anarsa ƙofar ciki. Yana cikin hannu, faɗin yatsu uku sama da layin wuyan hannu, tsakanin wasu jijiyoyi biyu masu tauri da ke fitowa idan an dunƙule hannu. Littattafan Sin sun ce ana amfani da shi don ƙuncin ƙirji, da bugun zuciya, da shaƙuwa, da amai. Wani abin sha'awa shi ne Bahaushe ma da zuciya ya danganta jin amai, tunda tashin zuciya yake ce masa, alhali daga ciki da ƙwaƙwalwa abin yake tasowa.

Idan zazzaɓi ya kutsa fada

A ƙarni na 18 wani likita a birnin Suzhou mai suna Ye Tianshi ya ba dogarin sabon matsayi. Ya lura da annobar zazzaɓi da ke farawa da tari da ciwon maƙogwaro, sannan kwatsam majinyaci ya fara sambatu, ya daina gane mutane, ya shiga doguwar suma. Ya bayyana hakan da cewa zafin cutar ya fara kama huhu, sannan ya tsallake ya afka wa marufin zuciya, ya toshe ƙofar da hankali ke fita.

Wani likitan, Wu Jutong, ya ɗora a kan wannan a littafin da ya kammala a 1798, inda ya kawo haɗin maganin da ake kira Angong Niuhuang Wan, wato ƙwayar kwantar da fada. A cikinsa akwai tsakuwar matsarmamar saniya, da almiski, da lu'ulu'u, da saiwoyi masu ɗaci, da ƙahon karkanda, sannan a naɗe ƙwayar da ganyen zinariya. Bayan Sin ta haramta cinikin ƙahon karkanda a 1993, sai aka maye gurbinsa da na ɓauna.

Har yau iyalai da yawa a Sin na ajiye wannan ƙwaya a gida saboda shanyewar ɓarin jiki, kuma ana ba da ita kyauta ga dattawa. Amma mai saye ya sani cewa a cikin haɗin akwai ma'adanai biyu, ɗaya mai ɗauke da zaiba, ɗaya mai ɗauke da gubar arsenik. Su kansu likitocin gargajiyar Sin ba su yarda a riƙa shan ta kamar maganin ƙarin ƙarfi ba, kuma an hana masu juna biyu. Ɗura wa wanda ya suma kowane irin magani ta baki na iya sa ya shaƙe.

Alamomin da Ye Tianshi ya siffanta, zazzaɓi mai zafi da sambatu da gushewar hankali, su ne likitan yau ke gani a cutar sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin cuta da suka shiga jini. A Nijar, inda sanƙarau ke tashi da zafin bazara, waɗannan alamomi na nufin a garzaya asibiti cikin sa'o'i.

Abin da gwaji ya nuna

Cikin duk abin da aka jingina wa marufin zuciya, Neiguan ne ya fi shan gwaji. Wani farfesan maganin sa barci a birnin Belfast, John Dundee, ya fara gwada shi a kan matan da aka yi wa ƙaramar tiyata, ya buga sakamakon a 1986. A 1997 wani kwamitin masana da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka kira ya ce akwai hujja mai ƙarfafa gwiwa cewa jinyar allurai na rage tashin zuciya da amai bayan tiyata da bayan maganin cutar daji.

A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 59 da suka ƙunshi mutum 7,667. Ta gano cewa motsa wannan wuri, da allura ko da dannawa ko da ɗan lantarki, ya rage tashin zuciya da amai bayan tiyata idan aka kwatanta da jinyar bogi, kuma tasirinsa bai bambanta sosai da na magungunan hana amai ba. Ƙungiyar ta kuma yi gargaɗin cewa da yawa daga cikin gwaje-gwajen ba su da inganci sosai.

Daga nan ne 'yan kasuwa suka ƙera abin wuyan hannu mai ɗan maɓalli, irin su Sea-Band, da ake sayar wa matafiya da masu laulayin ciki. Ga mai shiga motar Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, danna wurin na 'yan mintoci ba ya cin ko dala, kuma da wuya ya cutar. Sai dai hujjar amfaninsa ga jirin mota da laulayi ba ta kai ta bayan tiyata ƙarfi ba: wasu gwaje-gwajen sun ga amfani, wasu ba su gani ba.

Ko a inda ya yi aiki, masu bincike ba su ga wata hanya da ta haɗa wuyan hannu da tantanin zuciya ba. Abin da ke ƙarƙashin Neiguan wata babbar jijiya ce mai kai saƙo daga hannu zuwa laka da ƙwaƙwalwa, kuma a nan mafi yawan masana ke neman bayani.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin sunayen cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, mai ɗauke da babi na musamman kan cututtuka kamar yadda likitancin gargajiyar Sin da Japan da Koriya ke siffanta su. Masu talla kan kafa hujja da wannan, amma hukumar ta bayyana cewa babin na ƙididdiga ne da tattara bayanai, bai zama shaidar ingancin kowace jinya ba.

Inda allura ke zama haɗari

Akwai wani mahudi a tsakiyar ƙashin ƙirji, tsakanin nonuwa biyu, da aka raɗa wa sunan bafaden nan, Danzhong. A gargajiyance nan ne ƙarfin marufin zuciya ke taruwa. Ƙa'ida ita ce a kwantar da allurar a ƙarƙashin fata, saboda akwai mutane kimanin biyar zuwa takwas cikin 100 da ake haifa da ɗan rami a wannan ƙashi ba tare da sun sani ba.

A 1995 mujallar likitanci ta Lancet ta buga rahoton wata mata a ƙasar Norway da ta rasu bayan an soka mata allura a wannan wuri. Allurar ta bi ta ramin ta huda zuciya, jini ya cika jakar ya matse ta har ta kasa bugawa. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ya isa ya nuna cewa allura a ƙirji aikin wanda ya yi karatu ne, da allurai sababbi da ba a taɓa amfani da su ba, saboda gudun cutar hanta da SIDA.

Ciwon da ya fi damun Afirka

Shi tantanin na zahiri yana da cututtukansa. Yakan kumbura, yakan tara ruwa, yakan kuma yi kauri ya ƙandare ya ɗaure zuciya. Idan ruwa ya taru farat ɗaya, mililita 200 ma na iya kashe mutum. Idan a hankali ne, jakar kan miƙe ta ɗauki sama da lita guda kafin majinyaci ya galabaita.

A Turai da Amurka mafi yawan kumburin na da nasaba da ƙwayar bairos, kuma yakan warke. A Afirka kudu da Sahara kuwa, tarin fuka ne babban sanadi. Marigayi Farfesa Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town ya jagoranci wani bincike da ya bibiyi majinyata 185 a asibitocin Kamaru da Najeriya da Afirka ta Kudu, aka buga shi a 2008: kashi 26 cikin 100 sun rasu cikin wata shida, kuma adadin ya fi haka a tsakanin masu ɗauke da SIDA.

Alamomin sun haɗa da ciwon ƙirji mai suka da ke ƙaruwa idan an kwanta rigingine ya kuma lafa idan an zauna an sunkuya gaba, da haki, da zazzaɓi da gumin dare, da ramewa, da kumburin ƙafa da ciki, da fitowar jijiyoyin wuya. Ciwon ƙirji da ƙunci da bugun zuciya suna cikin abubuwan da littattafan Sin suka ce a danna wa Neiguan. A nan ne haɗarin yake: matashin da ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya ko Legas, cikin cunkoson ɗakin da tarin fuka ke saurin yaɗuwa, yana iya shafe makonni yana danna hannu yana shan jiƙe-jiƙe, ruwa na taruwa a ƙirjinsa.

Na'urar eko tana nuna ruwan cikin 'yan mintoci. Idan ya yi yawa, likita kan zuƙe shi da sirinji. Maganin tarin fuka na wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati a Nijar. Idan tantanin ya riga ya ƙandare, sai an yi tiyata an cire shi.

Likitancin gargajiyar Sin ya taɓa ba Afirka babbar kyauta. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau a Maradi da Tawa ya samo asali ne daga ganyen tazargade irin na Sin, wanda Tu Youyou ta tace bayan ta karanta wani littafin ƙarni na 4, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka gwada sinadarin a ɗakin bincike da jikin majinyata kafin duniya ta karɓe shi. Cikin abubuwan da aka jingina wa dogarin zuciya, rage tashin zuciya bayan tiyata ne ya fi kusa da tsallake wannan siraɗi. A manyan asibitocin Sin kansu, wanda ya zo da ciwon ƙirji da haki, gwajin zuciya da hoto ake fara yi masa.